Wasiyyar da Barista Junaid Bai Bari Ba

Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Rajab, labari ya iso mana a layin 'yan hatsi cewa Allah Ya karɓi ran Barista Junaid Sa'ad, lauyan gwamnati mai gabatar da ƙara, bayan 'yar gajeruwar jinya. Ina cikin auna wa wata mata gero aka faɗa mini. Na ajiye kwanon awon, har yau ban san ko na cika mata ba.

Kafin in ce komai a kanka, Barista, dole in yaba wa Alhaji Tambari, babban ɗan kasuwarmu. Samun mai zumunci irinsa sai an tona. Tun kafin a gama yi maka wanka ya iso. Shi ne a sahun gaba, shi ne kafaɗarsa ta fara taɓa makara, kuma da aka kai ka makwanci ya yi kukan da har 'yan'uwanka na jini suka koma ba shi haƙuri. Rawaninsa ya jiƙe sharkaf. Baƙon da bai san garin nan ba zai rantse uwa ɗaya ta haife ku. Mu da muka san cewa ɗan ƙanensa, Sirajo, yana tsare a gidan yari saboda ƙarar da ka shigar, sai muka sunkuyar da kai muna mamakin yadda Allah Ya hore wa wasu bayinsa hawaye.

Ga wanda bai san maganar ba, ga ta. Bara, da rana tsaka, a bakin ƙofar kasuwa, Sirajo ya soki Habibu ɗan kabu-kabu da wuƙa saboda Habibun ya hana shi babur ɗinsa. Habibu bai kai asibiti da rai ba. Shi kaɗai ne ɗan Uwani mai daddawa, shi ke ciyar da ita. Mutanen da suka gani sun isa cika masallaci, amma da 'yan sanda suka zo neman shaidu, sai kowa ya tuna cewa a lokacin yana bayan gida. Haka muke a kasuwa. Muna da ido wajen gane tsakuwa a cikin buhun dawa, ba mu da ido wajen gane wanda ya zare wuƙa.

Kai ka zo ka same mu. Ba ka aiko da sammaci ba, ba ka zo da motar ofis ba. Ka zo da ƙafarka, ka tsuguna gaban rumfata kana taya gero, kuma Allah Ya sani ban taɓa ganin wanda bai iya ciniki ba kamarka. Duk abin da aka yanka maka sai ka ce ka saya. Sai da mutane suka saba ganinka, suka ɗauka magidanci ne mai iyali da yawa, sannan wata rana ka dube ni ka ce, "Malam Ƙasimu, rumfarka na kallon ƙofa. Ba ni son ka ƙara komi, ba ni son ka rage. Abin da idonka yag gani kaɗai nika so." Na ce, "Barista, kai albashi kaka kai gida, ni kau nan nika kwana nika tashi." Ka ce ka sani, shi ya sa ba ka tilasta ni ba. Ka ɗauki geronka ka tafi. Da ka matsa mini da na sami abin fakewa. Washegari na kai kaina ofishinku.

A ofishin nan na ga yadda aikin yake. Fanka ɗaya mai kuka, takardun ƙararraki jibge har kan taga, mutane a benci tun safe, kowa da abin da aka yi masa. Wannan an ƙwace masa waya, waccan an fasa mata shago, wancan an sare shi a hanyar Kalambaina. Kai kuma kana bin su ɗaya bayan ɗaya, ba ka daka wa kowa tsawa. Yaran da suka addabi ƙofar kasuwa da ƙwacen waya, kai ka tsaya a kansu har alƙali ya ɗaure su. Tun daga lokacin mata suka koma amsa waya a fili, maimakon su cusa hannu cikin hijabi suna raɗa kamar masu laifi.

Kuma ba zan manta da ragon layya ba. Ana saura 'yan kwanaki Babbar Salla, Alhaji Tambari ya aika maka da wani farin rago da sai mutum biyu suke jan sa, wai gaisuwa ce kawai tsakanin Musulmi da Musulmi. Da wani ne, ko ya karɓa, ko ya mayar a ɓoye don kada a ji kunya. Kai sai ka sa aka biyo da shi ta tsakiyar kasuwa ana tsakar ciniki, ta layin 'yan atamfa, ta layinmu, har ƙofar shagon Alhaji, aka ɗaure masa abinsa a turke. Ragon yana kuka, kasuwa tana dariya. Ranar ce na ga Alhaji ya shige shago bai sake leƙowa ba sai bayan la'asar.

Ita kuwa Uwani, duk ranar da aka tashi daga kotu sai ka same ta a inuwar bishiyar da take zama, ka durƙusa ka fassara mata abin da aka ce da Turanci. "Inna, yau an ɗaga, amma ba a kashe maganar ba." Ka sha biya mata kuɗin Keke ta koma gida. Ba uwarka ba ce, ba ka haɗa komai da ita ba.

To, yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, don ni ba marubuci ba ne, iyakata aji uku na sakandare. Ranar addu'ar uku, a gidanka, a kan tabarmar makokinka, Alhaji Tambari ya sa aka kira Uwani daga cikin mata zuwa zaure. Ya tara dattawa. Ya share ido, ya ce wai kafin ka kwanta ciwo kun haɗu, ka ce masa ka gaji da shari'ar nan, burinka a yi sulhu, tsohuwa ta yafe jinin ɗanta. Ya ce wasiyyar mamaci ce, kuma wa zai tsallake wasiyyar mamaci a zaurensa? Ya san abin da yake yi. A garin nan an horar da mu cewa ba a musu a gidan rasuwa, ba a ce wa babba ƙarya yake yi. Ya kuma san cewa in uwa ta yafe, shaidu suka watse, shari'a ta mutu tare da kai.

Uwani ta gyara mayafinta, ta ce, "Alhaji, yaron nan bai taɓa aiko min da saƙo ta bakin wani ba. Da ƙahwatai yaka zowa shi durƙusa shi gaya min. In ya canza magana, to ni bai gaya min ba. Ban yahe ba." Ta koma cikin gida. Alhaji ya nemi takalminsa, ko fatihar tashi bai jira ba.

Barista, ni ma ban yafe ba. An ce ƙarar ta koma hannun Barista Sadiyatu, wadda ka koya wa aiki, kuma za a zauna ranar Litinin ta sama. Zan je. Zan faɗi kalar rigar Sirajo da hannun da ya riƙe wuƙar. Tun shekaranjiya dillalan Alhaji suka daina sauke mini kaya, an kuma fara raɗe-raɗin cewa rumfata ta shiga hanya. Su rushe ta. Ina roƙon Allah Ya ba ni tsawon ran da zan ga an karanta wa Sirajo hukunci, in juya in dubi fuskar baffansa, in ga ko akwai sauran hawaye. Wanda kuma ya yi maka ƙarya kana kwance ba ka da bakin karewa, Allah Ya tsayar da ku gaba da gaba ranar da babu dattawan da za a tara.

Allah Ya jiƙanka, Barista Junaid. Allah Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sa tsayuwar da ka yi wa marasa gata ta tsaya maka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Hajiya Wasila da 'ya'yanku, da 'yan'uwanka, da abokan aikinka, da Uwani wadda ta sake rasa ɗa. Allah Ya ba su haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Ku kuma 'yan'uwana na kasuwa da kuka gani kuka yi shiru, kuna jiran ƙura ta lafa: mutumin da ya iya cusa magana a bakin mamaci tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, ku da kuke raye, me kuke tsammani zai ce kun ce?