Zaren Maris a Ɗakin Zdravka

Shekara ashirin da shida ke nan Zdravka Kuneva tana tsaron ƙofa ɗaya a wata cibiyar bincike a Sofiya. Ba ta da digiri, amma masu digiri uku-uku sai sun miƙa mata hannu ta duba kafin su wuce. Bayan ƙofar akwai ɗakin da ake shimfiɗa wasu ƙwayoyi a kan gilashi, waɗanda silin gashi ya fi su kauri sau dubu, don su riƙa ba da haske a cikin na'urori. Ƙura ɗaya ta faɗa a kai, aikin wata guda ya tashi a banza. Shi ya sa mai shiga sai ya rufe jiki ruf da farar riga da safar hannu. Mai hoda, mai turare, wanda ya gama busa taba yanzu, duk Zdravka ta sha korarsu. Lelya kowa ke ce mata, wato gwaggo, kowa kuma shakkarta yake yi, abin da ke yi mata daɗi ƙwarai.

A Maris ɗin bana gilashi huɗu suka lalace a jere. Shugaban sashen, Farfesa Bozhidar Tenev, ya dube ta a gaban mutane ya ce, "Lelya, ido ya fara gajiya. Ɗakin nan ba ya sharuwa kamar da. Ki je ki huta mana, jikoki na jiranki." Ya sa taro ran Litinin a yanke magana.

Maganar ta yi mata ciwo, har banitsa, wainar cukun da ta zo da ita, ta kasa ci. Ta ɗauki gilashi guda cikin waɗanda suka lalace ta sa a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu. Sai ga wani siririn zare ja, kusa da shi fari. Ta yi dariya ita kaɗai.

A al'adar ƙasar, ran ɗaya ga Maris kowa yana ɗaura martenitsa a wuyan hannu, zaren ulu ja da fari, don neman lafiya, ba a rabuwa da shi sai an ga shamuwa ta dawo. Mutanen sashen sukan rataye nasu a ƙusa bakin ƙofa in za su shiga. Mutum ɗaya ne ba ya nuna mata hannu. Farfesa da safar hannunsa yake fitowa daga ofis, wai sauri yake yi.

Ran Litinin ta haska hoton a bango, zaren ya fito ƙato kamar igiyar guga.

"Farfesa, ka fi ni ido," in ji ta. "Wace ƙwaya ce wannan? In sabuwa muka gano, a faɗa mana mu yi biki."

Ta dubi wuyan hannunsa, ta ƙara da cewa:

"Kai, yau ana zafi. Naɗe hannun rigar mana ka sha iska."

Farfesa ya ƙara jan hannun riga ƙasa, kunnuwansa suka yi ja fiye da zaren. Can ya ce a hankali, "Lelya, mahaifiyata ce ta ɗaura min. Shekararta tamanin da tara. Ta ce kada ya bar jikina."

"Shamuwa kuma har yanzu shiru," in ji Zdravka.

"Shiru."

Ta ji tausayinsa, amma ba da yawa ba. Ta sa hannu a wuyan rigarta ta jawo wata 'yar kwalba kamar ɗan yatsa, an liƙe bakinta da wuta, zare ja da fari kwance a ciki.

"Ni ma ai ba daga sama na faɗo ba, akwai mai ɗaura min. Shekara ashirin da shida ina shiga da nawa, ka taɓa ganin sa a gilashi?"

Farfesa ya daɗe yana kallon kwalbar. "Za a samu wata?"

"Da an samu. To mai yin ta, an ce idonta ya gaji."

Ya waiwaya dama da hagu, fuska a murtuke. "Wa ya faɗi haka?"

Washegari da safe ya shiga layi kamar kowa, kwalba na lilo a wuyansa, ya miƙa hannu biyu. Zdravka ta sa tabarau, ta duba gaba, ta duba baya, ta ce ya je ya yanke farce.