Baba Sajan da Wasan Ƙwallon Yaya Dauda

Ranar Talata da la'asar labarin ya same ni, ina zaune a shago da buɗaɗɗiyar kwamfuta a gabana. Malam Nuhu tela, wanda shagonsa ke jikin namu, ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba. Ya yi salati a hankali, sannan ya ce, "Rifkatu, sai haƙuri. Baba Sajan ya cika a Dirin Daji, wurin gaisuwar da ya tafi. Ya idar da azahar, ya ce kansa na juyawa, ya kwanta, shi ke nan." Na ce to. Na ci gaba da ɗaure sukurorin da ke hannuna har na gama, na goge tebur, na rataye burushi a ƙusarsa. Malam Nuhu ya tambaye ni ko na ji abin da ya faɗa. Na ce na ji. Ban ji komai a jikina ba, sai dai kamar an rage ƙarar duniya.

Sunansa Malam Usman, amma duk Zuru da Baba Sajan aka san shi. A sashen sadarwa ya yi aikin soja. Da ya yi ritaya ya buɗe shagon gyaran rediyo, daga nan talabijin, kuma lokacin da kwamfutoci suka fara shigowa ofisoshi da makarantun garin nan, ya zauna da littattafai yana da furfura ya koya wa kansa gyaransu. Ni na zo wurinsa ne da takardar koyon buga rubutu, ina neman ko da aikin shara. Bai tambaye ni addinina ba, bai ce gyara aikin maza ne ba. Ya miƙo mini sukudireba ya ce in kwance wani akwatin kwamfuta, in jera sukurorin a murfin gwangwani yadda na cire su. Shekara shida na yi a ƙarƙashinsa. Duk wanda ya zo ranar Lahadi yakan ce masa, "Injiniya ta tafi coci, ka dawo gobe," alhali shi ya koya mini duk abin da na sani.

Ba mai yawan magana ba ne. Abin da ya fi maimaitawa shi ne, "Abu guda ake taɓawa, a gwada, kana a taɓa na biyu." Yakan kuma ce, "Kada ki ce ma mutum ya sayi sabo sai kin tabbata tsohon ya mutu." Na ga ya mayar da mutane da yawa gida da kayansu bayan ya hure musu datti kawai, ya ce ba abin da ya same su.

Amma abin da zan ba da labari shi ne abin da ya yi wa gidanmu.

Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Yayana Dauda malamin firamare ne, kuma ɗan ƙwallo ne da aka sani a unguwarmu. Wata damina babur ya zame da shi a hanyar Mahuta, ya bugi bayansa. Ya dawo daga asibiti a keken guragu. Tun daga ranar ya juya fuskarsa bango. Fasto ya zo, abokansa sun zo, bai amsa wa kowa ba. Mama takan kai tuwo ta dawo da shi kamar yadda ta kai. Baba Sajan bai yi masa wa'azi ba. Ya tattara tsofaffin kaya a shago ya haɗa kwamfutar tebur, ya sa mata wasan ƙwallo daga faifai, ya ɗaure ta a bayan babur ɗinsa da kansa ya kai ɗakin Yaya Dauda, ya jona, ya fita. Kwana takwas ba a taɓa ta ba. A rana ta tara Mama na tankaɗe a tsakar gida ta ji ihun 'yan kallo daga ɗakin. Wannan wasan ne ya riƙa tayar da shi zaune kowace safiya har wata biyar, kuma a dalilinsa ya koma cin abinci.

Da bazara ta shigo sai wasan ya fara sarƙewa. 'Yan wasan su yi taku ɗaya su tsaya, su yi tsalle su bayyana a wani wuri, ƙwallo tana tsakiyar fili sai ka gan ta a raga ba ka ga tafiyarta ba. Yaya Dauda ya jure na kwanaki, sannan wata rana ya rufe allon da zane ya ce da ni, "Ɗauke ta. Ita ma ta gurgunce." Ya koma ga bangonsa. Mama ta same ni a madafa ta riƙe hannuna. Na san abin da take tsoro, don ni ma shi nake tsoro.

Na yi gaggawa. A wuni ɗaya na goge wasan na sake sa shi, na canza saituna, na cire wannan na mayar da wancan, bai gyaru ba. Na je na ce wa Baba sai an aika Sakkwato a sayo sabon katin hoto, wato ɓangaren da ke zana abin da ake gani a allo.

Ya ce, "Mi kika canza?"

Na ce, "Komai, Baba."

Ya ce, "To ba ki san komi ba ke nan, ɗiyata. Mu tafi."

A ɗakin ya ɗora tafin hannunsa a kan akwatin kwamfutar na ɗan lokaci, sannan ya ja kujera kusa da gado. Ya ce, "Dauda, taimako na zo nema. Idona bai bin wanga wasa, gudu gare shi. Kai ka san yadda ya kamata ya tafi." Yaya bai juyo ba. Baba ya ci gaba kamar an amsa masa. Ya bayyana cewa wasan hotuna ne ke bin juna da sauri. In sun kai talatin a daƙiƙa ɗaya ido yakan ga tafiya sumul, in sun faɗo ƙasa sosai sai a ga tsalle-tsalle. Ya sa wata ƙaramar manhaja da ke nuna yawan hotunan a kusurwar allo. Ya kwance agogonsa na soja ya ajiye a bakin gado da fensir da takarda, ya ce, "Ka buga wasan, ka rubuta lokacin da lambar ta faɗi. Gobe in zo in gani." Da muka koma washegari, akwai layi uku a takardar.

Ranar farko ya sa Yaya ya rufe manhajojin da ke aiki a ɓoye, aka bincika bairos, wato muguwar manhajar da ke lalata kwamfuta, aka samu aka share. Lambar ta ɗan ɗaga, amma sarƙewar ta dawo. Rana ta biyu aka rage girman hoto, aka kashe inuwar 'yan wasa. Rana ta uku aka sake sa manhajar da ke tafiyar da katin hoton daga faifansa. Rana ta huɗu Baba ya zo da memori, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, daga shago aka gwada, aka kuma duba ko wutar da ke shigowa ce ba ta da ƙarfi. Abu ɗaya bayan ɗaya ake taɓawa, kuma hannun Yaya ne ke yi, Baba yana zaune yana jan carbi. Ni haushi nake ji, ina ganin ana ɓata lokaci.

A rana ta biyar Yaya Dauda ne ya fara magana tun kafin mu zauna. Ya ce, "Baba, duba nan. Da safe takan kai rabin awa lafiya lau. Da rana kuwa minti goma ba ta cikawa. In na kashe ta ta huta, sai ta dawo daidai. Zafi ne."

Baba ya ce, "Kana gani?"

Ya ce, "Na tabbata."

Baba ya cire wayoyin, ya ɗauki akwatin ya ɗora a cinyar Yaya, ya ba shi sukudireba. Da Yaya ya buɗe ya zaro katin hoton, sai ga gidan zanzaro na laka an gina shi tsaf a cikin ƙaramar fankar katin, ya riƙe ta ƙam ba ta juyawa. Yaya ya dube shi, ya dubi Baba, sai ya yi dariya. Rabon da a ji dariyarsa a gidan tun kafin haɗarin. Da tsinken tsintsiya ya kankare lakar, ya share da burushi, ya ɗiga wa fankar man keken ɗinki da na karɓo wurin Malam Nuhu. Aka mayar, aka kunna. Lambar ta haura arba'in ta tsaya nan har la'asar. Yaya bai ma gama wasa na biyu ba ya dakata, ya ce, "Baba, akwai wata kwamfutar da ta lalace a shago?"

A hanyar komawa na ce, "Baba, tun ranar farko kun ɗora hannu a kan akwatin nan." Ya yi tafiya kaɗan kafin ya ce, "Na ji zafin. Amma ba ni ke bukatar gano shi ba." Bai ƙara tayar da zancen ba har ya bar duniya. Da hannunsa ya zuba siminti a ƙofar shago ya yi gangare don keken Yaya, kuma yau shekara uku ke nan Yaya Dauda na da teburinsa a can. Masu gidajen wasan kwamfuta daga Manga har Mahuta wurinsa suke kawo kwamfutocinsu.

Ranar Talatar nan Yaya yana gida. Ni na kai masa labarin. Ya tambaye ni ƙarfe nawa abin ya faru, na faɗa masa. Ya gyaɗa kai, ya ce in ɗebo masa ruwan wanka. Washegari da safe, bayan an kawo gawar Zuru, aka yi jana'iza. Hanyar maƙabarta duwatsu ce, keke ba ya bi. Mutum huɗu, biyu daga masallacinsu, biyu daga cocinmu, suka ɗaga Yaya da keken har bakin kabari, ya zauna a gefe har aka gama rufewa. Ni ina cikin gida tare da mata, kusa da Mama Hajara, matar marigayi. Mutane na shiga suna fita, ina amsa gaisuwa, ina miƙa ruwa. Ta dube ni ta ce, "Rifkatu, ku buɗe shago ran Asabar. Akwai kayan mutane a ciki." Mun buɗe. Kujerar Baba ba wanda ya matsar da ita, muna kewaye ta ne in za mu wuce.

Allah ya jiƙan Malam Usman, ya gafarta masa kurakuransa, ya yalwata masa makwancinsa, ya sa abin da ya yi wa mutane a ɓoye ya tarar da shi a can. Allah ya ba Mama Hajara da 'ya'yansa da jikokinsa haƙuri, ya tsaya musu a inda shi yake tsaya musu. Mu da ya koya wa sana'a, Allah ya ba mu ikon riƙe ta da gaskiya. Ya sanyaya zuciyar yayana Dauda, wanda ya rasa uba karo na biyu. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da kyau. Amin.