Kwalaben Mubina a Bayan Tanderun Sabitu

Sabitu ƙanen matata ne. An haife shi a Kurfi, ya yi allo, ya yi firamare har aji huɗu, sannan ya bi wani mai burodi zuwa Dutsin-Ma. Tun daga nan bai canja sana'a ba, bai kuma canja girman burodinsa ba, sai dai farashi. Mutum ne marar yawan magana. In ka ce masa burodin yau ya ƙone, sai ya ce, "Ɗauki na jiya."

'Yata Mubina ita kaɗai ce ke sa shi dogon zance. Tana digiri na biyu a fannin ƙananan halittu, aikinta kuwa a kan wasu bakteriya ne masu son zafi, waɗanda ba sa shaƙar iska, da tsatsar ƙarfe suke numfashi. Ta ɗebo su daga ƙarƙashin wani tsohon tsibin taki a Kutawa, inda takin ya cakuɗe da jar ƙasa yana turiri. Ta zuba su a ƙananan kwalabe masu toshiyar roba, da ruwa ja kamar na kwata. In suna raye, jan yakan koma baƙi, har baƙin ya bi maganaɗisu ta jikin gilashi.

Abin da take nema shi ne danginsu: wane gida suke, wace zuriya, ko kuwa ba a taɓa saninsu ba. Ta yi mini bayani cewa in sababbi ne, ba a raɗa musu suna sai an ajiye su da rai a ma'ajiyoyi biyu na ƙasashe daban. Matattu ba su da suna.

Matsalar ita ce zafi. Na'urar ɗumamawa tana son lantarki, lantarki kuwa ba ya son Dutsin-Ma. Wata rana ta je karɓar burodi wurin Sabitu, ta dafa bangon bayan tanderu, ta janye hannu, ta sake dafawa. Washegari ta komo da ma'aunin zafi.

"Kawu, hayar bango nake nema."

"Mi za ki shanya?"

"Baƙi zan sauke. Ba sa ci, ba sa surutu."

"To sun fi ki," in ji shi.

Ya cire bulo biyu, ya yi musu gurbi. Ta gargaɗe shi kada ya buɗe kwalba ko ɗaya, domin iska ce ajalinsu. Ya ce shi bai taɓa jin baƙon da shan iska ke kashewa ba, amma bai buɗe ba. Duk wanda ya tambaye shi, sai ya ce maganin basir ne na wata Hajiya, ba a taɓawa. Mutum biyu sun nemi a sayar musu.

Mubina ta rasu a haɗarin mota a hanyar Kurfi, a cikin damina, tana komowa daga gaishe da kakarta. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidana. Wurin kawu a zaman makoki sananne ne: kusa da uba, yana amsa gaisuwa. Sabitu ya zauna, amma da an yi azahar sai ya nemi takalmansa ya tafi. Can sai a hango hayaƙi yana tashi daga gidan burodinsa. Haka ya yi a rana ta biyu. Mutane suka fara magana. Alhaji Manu, maƙwabcina, bai iya ƙasa da murya ba.

"Sabitu, ko kasuwa ba ta san an yi rasuwa ba?"

"Ta sani, Alhaji."

"To hayaƙin mi ke nan?"

"Na itace."

Matata ta ji zancen a cikin gida, ta daina amsa gaisuwar ƙanenta. Shi kuma bai yi wa kowa bayani ba. Bayan addu'ar uku na bi shi. Na tarar tanderu na ci, babu ƙullu, babu faranti, akushin kwaɓi a kife. Itace yake ƙonawa a banza.

"Yaya," ya ce, "Mubina ta ce kada baƙinta su yi sanyi. Ba ta ce har yaushe ba."

Na san abin da shi bai sani ba. Mubina ta taɓa gaya mini cewa sanyin 'yan kwanaki ba ya kashe irinsu, barci kawai suke yi. Na dubi tulin itacen, na dube shi, ban faɗa ba. Matata kaɗai na gaya wa abin da na gani, ita kuma ta aika masa da tuwo.

Malamar Mubina, Dakta Rabi'atu, ta zo ta kwashe kwalaben a cikin kula irin ta abinci. Daga cikinsu wasu sun tsaya ja. Sauran sun yi baƙi. Ta dasa su a sababbin kwalabe, suka ci gaba, ta aika da samfurin ƙwayar halittarsu waje.

Amsa ta zo bayan girbi. Ba sababbi ba ne. Gidansu sananne ne, zuriyarsu ma an rubuta ta tuntuni, daga wata ƙasa mai nisa, da suna mai tsawo na Latin. Dakta ta ce ba a taɓa ba da rahotonsu daga yankinmu ba, kuma za a buga aikin da sunan Mubina a gaba. Na yi fatan fiye da haka. Na je na gaya wa Sabitu, yana tsaye yana yanka ƙullu.

"Ashe suna da dangi," ya ce.

"Suna da su."

"Amma da rai suka isa?"

"Da rai."

Ya ɗora ƙullun a kan sikeli, ya tsinke ɗan kaɗan, ya mayar cikin akushi.

"To ka gaya wa Alhaji Manu," ya ce. "Ni ba na iya faɗin sunan."