Hannun Am Sabri

Da ana dawo da rana, da ranar Babbar Sallar nan zan dawo da ita, in hau benen da ƙafata. Har yau ban manta da ita ba.

Lokacin ina aiki a gidan wani Alhaji ɗan kasuwa a unguwar Hay el-Sabi'. Cefane da tuƙi duk nawa ne. Wata rana ya dawo daga Giza da kwikwiyo mai ruwan toka, ya ce ruwa biyu ne: uwa karya, uba kyarkeci. Aka yi masa keji a rufin bene, ciyarwa ta faɗo kaina.

Da ya girma sai na ga ba halin kare gare shi ba. Ba ya haushi, ba ya kaɗa wutsiya, sai zagaye da kallo. Na taɓa tarar da kan kyanwa a bakin kejin. Na gaya wa Alhaji.

"Iro, tsoro gare ka," ya ce yana dariya. "Wannan ai ɗan gida ne."

"Haka ne, ranka ya daɗe," na ce. Amma na kafa wa kaina doka: ba na buɗe ƙofar, da sanda nake tura kwanon abincinsa ta ƙasa. Ban gaya wa kowa ba, kada a ce dattijo yana tsoron kare.

Am Sabri shi ne bawwab ɗinmu, wato maigadin bene. Bawwab da hannunsa yake ci: wankin mota, shara, hawa da tukunyar gas. Ɗakin da yake kwana da iyalinsa a ƙarƙashin matakala ma na aikin ne.

Ranar Sallah shi ya taya mahauci fiɗar ragon Alhaji, rigarsa duk jini. Ni kuwa na sake wanka, na sa sababbin kaya, ina da alwala, ba na son yawun kare ya taɓa ni. Sai na miƙa masa kwanon kayan ciki.

"Am Sabri, taimaka ka kai wa mutumin sama."

Ya amsa mini da Larabcinsu: "Tamam, shi ke nan, ya Hajj. Ku da tsafta! Ni da karnuka muka tashi a ƙauye."

Yana hawa ina kallonsa. Maganar sandar ta zo bakina, na haɗiye.

Ya buɗe ƙofar, ya durƙusa zai ajiye kwanon, kamar yadda ake yi wa kowane kare. Ba mu ji haushi ba, ihunsa muka ji. Sai da mahaucin ya yi ta dukan dabbar da gatari kafin ta saki.

A asibiti aka ceto hannun, amma yatsun ba su ƙara damƙar komai ba. Alhaji ya biya magani. Mazauna benen suka yi haƙuri na ɗan lokaci, sannan suka ɗauki wani bawwab. Ni na kai Am Sabri da iyalinsa tashar jirgin ƙasa da katifunsu. A can na gaya masa zancen sandar.

"Ma'alish, ya Hajj," ya ce, wato ba komai. Ya miƙo mini hagu, don dama ba ta gaisuwa.

Ku da kuke aikin gidajen manya, kyarkeci ba ya zama ɗan gida don an ba shi kwano. In kuma kun san inda haɗari yake, don Allah ku faɗa kafin ku aiki wani, ko da za a yi muku dariya. Ni dariyar na guje wa, Am Sabri ya biya da hannunsa.