Wasiƙun da Yaya Sumaila ya ɓoye a gidan kaset

Shekara bakwai ke nan da muka binne Yaya Sumaila, ɗan wan mahaifina, wanda ya tarbe ni ranar da na sauka New York. Wankin mota yake yi a unguwar Jamaica. Gadon da ya bar mini kwali guda ne na kaset ɗin bidiyo, duk na kaboyi, irin waɗanda Italiyawa suka yi.

Tun muna zangon Kumasi yake son su. Na Amurka ba sa burge shi, wai jarumansu sun cika tsafta da surutu. Nasa gwanin ɗan fashi ne mai ƙazamin gemu, ba ya faɗin sunansa, ba ya yarda da kowa, in ya shigo gari sai a rufe tagogi. Duk Lahadi bayan la'asar mukan kalla a ɗakinsa kusa da Fordham Road. A cikinmu ba mai karatun boko, amma waɗannan finafinan ba sa neman tafinta. Ido ke magana, sai bindiga.

Akwai wurin da yake tsayar da kaset kullum, inda ake manna takarda a bango da hoton mutum da sunansa. Sai ya nuna da yatsa. "Ka gani, Habu? An gama da wannan. Duk wanda sunansa ya hau takardar hukuma, likkafaninsa ake aunawa."

"Yaya, fim ne fa."

"To, zauna nan."

Da ciwon ciki ya matsa masa, da ƙyar muka kai shi asibiti sau ɗaya, suka ɗebi jini. Bai koma ba. In na tambaya sai ya ce ba su ce komai ba. Wata takwas bayan nan ya rasu.

Shekara uku ke nan ina zuwa ajin karatun manya. Bana na buɗe kwalin don in gwada karanta rubutun jikin kaset. A cikin gidan wani kaset na tarar da ambulan uku, ba a ko yage bakinsu ba. Na yi kusan awa guda ina haɗa baƙaƙe. Daga asibiti ne. Sun ga wani abu a jininsa, suna so ya dawo da gaggawa, akwai magani in an fara da wuri.

Me zai ce da yana nan yau? Ana ta labarin jami'an shige da fice masu ƙwanƙwasa ƙofa da sassafe. Sahu ya ragu a masallacinmu. Wasu sun kankare sunansu daga akwatin wasiƙa, na kuma san mutum biyu da suka daina zuwa asibiti. Zai ce, "Ban gaya maka ba?" Kuma da yawa za su gyaɗa masa kai.

Makon jiya ambulan ya zo da sunana. Ni da na karanta nasa, kwana biyu na bar shi a kan firij, har na tsinci kaina ina neman gidan kaset da ba komai a ciki. Alherin Yaya yana tare da ni, kwalinsa ma haka. Ashe tsoronsa ma ya bar mini.

Na dai yage, na karanta. Asibitin nan ne, kan jinina da suka ɗiba wancan watan. Sun ce in dawo ranar Alhamis. Allah Ya jiƙan ka, Yaya. Sunana ya hau takarda, kuma zan je.