A Jikina Yayana Ya Koyi Kamun Baya

A lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne ɗan acaɓa, ina jigilar fasinja tsakanin Zango da Daura, ban san wani ciwo ba sai zazzaɓin damina. Yayana kuwa ɗan kokawa ne da ake ji da shi a ƙauyukanmu, har ranar da wani baƙo daga tsallaken iyaka ya kayar da shi a bainar jama'a. Sunkuyawa mutumin ya yi ya wuce ta ƙarƙashin hammatarsa. Kafin yaya ya waiga, ya riga ya tsaya a bayansa, ya sarƙe hannuwa a cibiyarsa, ya ɗaga shi ya nana da ƙasa.

Tun daga nan yaya bai sake samun sukuni ba. Ya ce sai ya iya wannan kamun, kuma ba zai koya a gaban abokan fage su yi masa dariya ba, don haka ni zan riƙa tsaya masa. Wa zai ce wa yayansa a'a? Kullum bayan la'asar sai mu nufi yashin bayan gonarmu. Ya sunkuya, ya zagaya, ya ɗaga, in faɗi. Wani sa'in ƙafarsa ta makara mu zube tare, nauyinsa duk a kaina, ya ce in tashi, saura kaɗan. Ƙuguna ya fara riƙewa, har ruku'u sai na dafa bango. Innarmu ta lura da tafiyata ta tambaye ni, na ce mata ramukan hanya ne. Ba na so a ce ƙanen ɗan kokawa rago ne.

Ranar da kamun ya zauna masa sosai, ina taɓa ƙasa na ji wani abu ya ɓalle a gadon bayana, ƙafar hagu ta mutu. Yana ta murna, sai da ya ga ban tashi ba. Goya ni ya yi har gida. Mai ɗori ya yi nasa, aka gaji aka kai ni asibiti. Likita ya ce wani abu ne ya goce tsakanin ƙasusuwan baya yana danne jijiya, da na zo tun ciwon yana sabo da hutu da magani sun wadatar.

Da kaka ta yi, yaya ya yi kaye da wannan kamun, ina kwance ina jiyo kiɗa da sowa. Da ya dawo ya zauna bakin tabarmata ya tambaye ni me ya hana ni faɗa masa ina jin ciwo.

Yanzu ina takawa, alhamdulillahi, amma babur ya gagare ni, tsaron shagon wani nake yi, rabin yini a tsaye, rabi a jingine. Ban riƙe yaya a zuciya ba, na dai gaji. 'Yan'uwa matasa, in za ku koyi kamu mai haɗari ku nemi wanda ya san shi ya tsaya a kanku. In kuma jiki ya fara kuka, ku buɗe baki ku faɗa, ko a gaban wa. Masu sowa suna watsewa kafin magariba, ciwon kuwa da kai zai kwana.