Ranar da Mirgani Ya Jefar da Sarkinsa

Mirgani mai canza wa jirgin ƙasa layi ne a Atbara, a kan haka ya yi ritaya. Bai cika magana ba. Aikinsa tuta da fitila ne, ja tsaya, kore wuce, kuma haka ya ɗauki karta.

A kulob ɗin ma'aikatan jirgi muka koyi wasan karta na birij tun muna da baƙin gashi. Wasan mutum huɗu ne, biyu da biyu. Ɓangare ɗaya ya yi alkawarin yawan cin da zai yi, ɗayan ya tare shi. Ni da Mirgani tarewar muka iya. Mai tarewa ba ya ganin hannun abokinsa, ba ya magana, ko ido ba ya ƙiftawa. Kartar da ya jefa ita ce bakinsa. Karta gida huɗu ce, kamar gidan baƙin ganye da na jar zuciya. Babba na nufin "ina da abu a gidan nan." Ƙarama na nufin "a'a."

Bayan rasuwar matarsa ne ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Ƙanwarsa Sittana ke jinyarsa. Yana kwance a gadon igiya ƙarƙashin darbejiya, idonsa a sama. In na je na gaishe shi, sai ya dube ni, ban san ko ni yake gani ba. Na fara jin tsoron ƙofar gidan nan.

Sai ɗansa Mutasim ya zo daga Fatsudan, inda yake aiki a tashar jiragen ruwa.

"Baffa Gasim, zan tafi da shi," ya ce mini. "Gwaggo ta gaji. Shi kuwa bai san ko ina yake ba, da nan da can duk ɗaya ne a wurinsa."

"Ya sha faɗa cewa ba ya barin garin nan da rai."

"Wanda ya faɗi haka yana nan, Baffa? Ka nuna mini shi." Yaron ba mugu ba ne, tsoro yake ji kamar ni.

Na ce ya bari mu buga karta hannu ɗaya da uban, mu gani. Ina faɗa na yi nadama. In Mirgani ya kasa, ni da kaina na sa hannu a tafiyarsa.

Washegari da la'asar na kawo Kabbashi, tsohon mai zuba wa injin gawayi, wanda muka daɗe muna tarewa. Mutasim ya zauna abokin wasan Kabbashi, don ubansa ya koya masa wasan. Muka jingina Mirgani da matashi. Sittana ta cika kwano da dawa, ta kakkafa masa kartarsa a ciki tana kau da ido, ta koma wajen dafa gahawarta.

"Kai, tsohon mai tuta!" in ji Kabbashi. "Da can ma ba ka magana, yanzu ka sami dalili. Yau zan rama na shekara da shekaru."

Ba wanda ya yi dariya. Kabbashi ya yi alkawarinsa, Mutasim ya baje kartarsa a fili kamar yadda wasan ya tanada.

Da hannun hagu Mirgani ke wasa. Kowace karta sai ya daɗe kafin ya zaro ta, amma yana bin gidan da aka buga. Na ce a raina, wannan ko yaro ya iya. Da dama ta samu na jefa taran baƙin ganye, wato sarauniyar gidan na wurina. Bai ɗago ba. Gumi ya jiƙa mini rawani.

Wasa ya zo ƙarshe-ƙarshe. Ina riƙe da jajayen zuciya waɗanda ba mai dukansu, amma sai hannu ya dawo gare ni kafin in buga su. Kabbashi ya saki as ɗin baƙin ganye, babbar gidan. Duk mai hankali ƙarama yake jefawa ƙarƙashinta. Yatsun Mirgani suka taɓa wata, suka wuce, suka zaro sarki. Ya sake shi a kan tabarma.

Mutasim ya rufe fuska da tafin hannu.

"Mayar masa, hannunsa ne ya kuɓuce," in ji Kabbashi a hankali. Wasan baki ya ƙare masa.

Na miƙa hannu zan ɗauka. Mirgani ya ɗora hagunsa a kan sarkin, ya danne. Ya dube ni.

Kabbashi ba shi da mafita sai ya sake buga gidan. Mirgani ya zaro mai uku. Ashe yana da ƙarama! Sarauniyata ta ci, tunda sarki ya kauce mata. Na shiga zuba jajayen zuciyata ɗaya bayan ɗaya, alkawarin Kabbashi ya rushe. Sai lokacin na gane. Da ya riƙe sarkin, shi zai ci, ba shi da zuciya ko ɗaya da zai miƙo mini, dole ya buga abin da Kabbashi ke so. Ya ga tarata, ya riƙe ta a ransa, ya canza mini layi.

"Ɗan banzan tsoho!" Kabbashi ya yi ihu, hawaye na bin gemunsa. "A kwance ma sai ka yanka ni?"

Mutasim ya tsinci karta biyu, mai goma da mai biyu, ya kafa su cikin dawar.

"Baba, ka bi ni Fatsudan?"

Hannun ya tashi. Ya zaro ƙaramar, mai biyu.

Mutasim ya koma shi kaɗai, bayan ya samo matar da za ta riƙa taimaka wa Sittana. Mirgani bai sake magana ba. Muna zuwa kowace la'asar, ni da Kabbashi da duk wanda muka samu. Har yanzu in ya miƙa hannu ga kwanon nan gabana faɗuwa yake, sai na ga abin da ya zaro.